Ranar da Chorshanbe Ya Yi Shiru

Tukunyar tawa ce. Ina so a fara sanin wannan, domin yanzu duk wanda ya tashi ba da labarin sai ya ce "tukunyar Chorshanbe", kamar shi ya ƙera ta. Tawa ce, ni Ulfatsho, gadon kakana ce, ta tagulla, mai cinye rago biyu da rabin buhun alkama. Har yau akwai lotsawa a gindinta, kuma ba wanda ya taɓa ba ni haƙuri a kai.

Tare muka tashi da Chorshanbe, ni a unguwar sama, shi a unguwar ƙasa, kwazazzabo ɗaya ne tsakaninmu. Shekara sittin ina jin muryarsa, kuma wallahi ban taɓa ganin mutum mai surutu irinsa ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana raba wasiƙu a kwarinmu. Wasiƙa biyar kan ɗauke shi tun hantsi har la'asar, don sai ya zauna ya karanta maka, ya fassara maka abin da ɗanka yake nufi da abin da ya ɓoye, ya sha shayinka mai gishiri kofi uku, sannan ya ba ka labarin kerkeci.

Kai, labarin kerkecin nan! Wai wata rana ya haɗu da kerkeci a tsakiyar gadar igiya, daga shi sai jakar wasiƙu, ya tsaya ya yi masa magana ido da ido har kerkecin ya juya ya tafi. Mu dai a garin mun yarda an yi haka. Abin da muke cewa kawai shi ne, dabbar ta gaji ne, kamar yadda kowa ke gajiya. Na ji labarin nan sau ɗari huɗu cif, kuma kullum kerkecin ƙara girma yake yi.

Matarsa Gulnamo kuwa, ita ce abin mamakin kwarin gaba ɗaya. Shekara talatin da huɗu suna tare. Kullum tana zaune a gefen murhu tana saƙa safa, shi yana hagunta a kan dakali yana zuba, ita tana gyaɗa kai tana murmushi. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Har iyaye mata kan tura 'ya'yansu da za a aurar su je su wuni a gidan, su ga yadda ake haƙuri da miji. Matata ma ta sha goranta mini: "Dubi Gulnamo, baiwar Allah. Ni in kai ka yi rabin wannan surutun, ai gidanmu zan koma."

Sau ɗaya a wata ko makamancin haka Gulnamo kan ɗaga kai daga saƙarta ta ce, "Baban Parwina, ni fa akwai abin da nake so in..."

"Yauwa, kin tuna mini!" in ji shi. Shi ke nan, an wuce wurin.

To a kakar bara Sabzagul, yarinyar da ke kula da ɗan asibitinmu, ta dawo daga wani horo a birni ta tara mu a ajin makaranta, maza da mata, wai za ta koya mana yadda ake yi in tarma, wato zaftarewar dusar ƙanƙara, ta binne mutum. Mu da muka binne kakanni a sanadin tarma, yau 'yar cikinmu za ta koya mana dusar ƙanƙarar da ke zaftowa daga dutse! Mun je dai, don an ce akwai shayi.

Amma yarinyar ta san abin da take faɗa. Ta ce yawancin waɗanda tarma ke kashewa ba sanyi ne ke kashe su ba, numfashinsu ne. Dusar da kanta akwai 'yar iska a cikinta. Sai dai ɗumin numfashin mutum yana narkar da ta gaban fuskarsa, ta sake daskarewa ta zama kamar gilashi, daga nan iska mai kyau ba ta shigowa, wadda ya fitar kuma ba ta fita. Sai ya yi ta shaƙar abin da ya riga ya fitar. Kai ya fara sarawa, ya yi ta haki kamar wanda ya hau dutse da gudu, sannan wani barci mai daɗi ya zo, wanda ba a tashi daga shi.

"Saboda haka," in ji ta, "kafin dusar ta tsaya, ku sa hannu ku yi wa fuskarku ɗan fili. Ku tofar da abin da ya shiga baki. Sannan ku yi shiru. Na ƙasa yana jin na sama tar, har takun ƙafarsu. Na sama ba ya jin na ƙasa ko zai fasa maƙogwaro. Duk ihun da ka yi, iskarka kake ƙonawa a banza."

"Wannan ba haka ba ne, 'yata," in ji Chorshanbe. Ya miƙe tsaye. "A shekarar da aka yi babbar tarma, wani ƙanin kakata..."

"Baba, don Allah bari in ƙarasa."

"Ai taimaka miki zan yi."

Ya taimaka mata har shayin ya huce. Na lura Gulnamo ta koma can gaba, ta karkatar da kai tana sauraron yarinyar, har da ajiye saƙa. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Saura kwana biyu Nauruz, bikinmu na sabuwar shekara, Chorshanbe ya zo aron tukunya, don bana unguwar ƙasa ce ke dafa faten alkama da nama na gari. Kowa ya san ƙa'idar kwazazzabon nan a ƙarshen hunturu, har akuya ta sani: ana tsallake shi kafin rana ta taɓa kafaɗar dutsen, mutum ɗaya bayan ɗaya, baki a rufe. Ya iso da sassafe, ba laifi. Da ya ɗauka ya juya, da ya isa gida kafin matarsa ta fitar da gurasa daga murhu.

Ina! Ya zauna.

"Chorshanbe, rana fa."

"Yanzu zan tashi. Ka san ɗan Mamadyor da ke Rasha ya sake mata?"

"Chorshanbe, rana ta hau dutse."

"Haba Ulfatsho, korata kake yi? Shayi ɗaya kawai."

Sai da rana ta take tsaka na tashi da kaina na kife masa tukunyar a ka. Haka ake ɗaukarta, a kife, ta rufe kai da kafaɗu, hannuwa a ciki suna riƙe da baki, mutum ba ya ganin komai sai ƙafafunsa. Na ɗaure ta da igiya ta ƙarƙashin hammatarsa na zagayo ƙirji, na yi ƙulli uku. Daga baya mutane suka yi ta yaba mini wai ƙullina ya ceci rai. Gaskiya tukunyata nake tsoron ya yar.

Na ce ya bari sai gobe da safe. Ya ce daga cikin tukunya, "Ka ji yadda muryata ke fita a nan? Tabɗi! Kamar a rediyo." Ya kama hanya yana waƙa.

Ina tsaye a ƙofar gida ina kallon tukunya mai ƙafa biyu tana gangarawa, sai na ji dutsen ya yi wani irin nishi. Na ɗaga kai na ga farin hayaƙi ya taso daga sama. Na kwarma ihu, "Chorshanbe! Gudu!" Wa zai ji? Mutumin yana cikin tagulla yana sauraron kansa. Gefen tarmar ne ya same shi, ba tsakiyarta ba. Na ga tukunyar ta ƙyalla sau ɗaya, ta juya, sai fari ya rufe komai.

Mutanen gari har yau suna cewa waƙarsa ce ta tayar da ita. Sabzagul ta ce rana ce, murya ba ta tayar da tarma. Ni dai na ji waƙar, kuma ban wanke ta daga zargi ba.

Ban san yadda na sauka ba. Gwiwar nan tawa da ba ta kai ni bayan gida sai da sanda, ran nan ta manta da ciwo. Kafin minti goma duk unguwannin biyu sun hallara, da shebur, da sanduna, da rodin ginin makaranta. Dusar ta daskare kamar siminti, ta cika kwazazzabon faɗin gona guda. Ba hula, ba takalmi, ba komai. Sabzagul ta jera mu kafaɗa da kafaɗa, kowa ya soka rodi, a yi taku ɗaya, a sake sokawa. Tana duba agogon hannunta, fuskarta ba ta yi mini kyau ba. Ta ce a hankali, "In yana da fili a gaban fuska, kuma ya yi shiru, zai iya kai awa guda."

Muka kalli juna. Wani dattijo ya ce, "Shiru? Chorshanbe? Inna lillahi." Ya fara share hawaye.

Abin da ke faruwa a ƙasa kuwa, daga bakinsa na ji, kuma na rage kashi biyu cikin uku. Ya ce ya farfaɗo a durƙushe, gwiwa a ƙirji, duhu ƙirin, jikinsa duk a matse ko yatsan ƙafa ba ya motsi, amma kansa da hannuwansa suna cikin tukunya, cike da iska. Wato Allah ya ba shi filin da ba a taɓa ba wani mahaluki a kwarinmu ba. Me ya yi da shi? Ya fara kiran mutane da sunayensu, gida gida, kamar yana rabon wasiƙa. Da ya gama da unguwar ƙasa ya hau ta sama. Da ya iso kaina ya tsaya ya zage ni, wai na ɗaure shi kamar jaki. Ya ce yana jin takunmu a kansa, yana jin muna cewa "nan, a'a can", shi yana ta amsawa. Sai tururin bakinsa ya fara ɗigo masa a fuska daga jikin tagullar. Dusar da ke bakin tukunyar ta yi santsi ta yi tauri. Kansa ya fara bugawa kamar ana daka a ciki. Ya ja numfashi, ya ji kamar bai ja ba. Ya ƙara ja, ya ƙara ihu.

A daidai nan Gulnamo ta iso. Ba mayafi, hannunta duk gari. Mata suka tare ta za su riƙe ta, ta ture su. Ta hau kan dusar, ta tsaya a tsakiya, ta buɗe baki, muryar da ban san tana da ita ba ta fito.

"Chorshanbe!"

Rodi ya tsaya a hannun kowa. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa jin ta kama sunansa.

"Na san kana jina, yarinyar nan ta ce na ƙasa yana ji. Na kuma san surutu kake yi. Rufe mini baki! Ba mai jin ka, iskarka kake cinyewa. Rufe baki, yau ni zan yi magana!" Ta juyo kanmu. "Ku kuma me kuke kallo? Ku soka!"

Muka ci gaba da sokawa. Ita kuma ta shiga zagaya dusar tana sunkuyawa, don ba ta san ta ina yake ba.

"Maganar da nake ta son faɗa maka, yau za ka ji ta, tunda Allah ya danne ka. Kunnena na hagu ba ya ji! Ko kaɗan! Tun ina shekara bakwai zazzaɓi ya kashe shi. Kai kuma tun daren da aka kawo ni ka zauna a haguna. Duk abin da ka faɗa shekara talatin da huɗu, bango ka faɗa wa!"

Wata mata a bayana ta ce, "La ilaha illallahu." Matata ta saki shebur. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abokina yana mutuwa a ƙarƙashin ƙafata, dariya ta taso mini har sai da na ciji hannun rigata, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne.

"Da farko na yi ta ƙoƙarin gaya maka, ba ka bari ba. Daga baya na ga ai hutu ne, na bar shi. Gyaɗa kan da nake yi, ƙirgen saƙa nake yi! Ku kuma da kuke turo mini 'ya'yanku koyon haƙuri, ku yafe ni, ba ni da shi ko na sisi. Da ina ji, da tuni na kwaɗa masa ludayi."

Chorshanbe ya ce a lokacin bakinsa a buɗe yake, yana tsakiyar kiran sunan limamin gari, sai kalmar ta maƙale. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa rasa abin faɗa ba sai ran nan. Ya yi tsit. Barcin nan mai daɗi da Sabzagul ta faɗa ya riga ya fara zuwa, yana lallashinsa, amma baƙin ciki ya hana shi. Shekara talatin da huɗu! Labarin tafiyarsa soja, labarin yadda ya kusa zama shugaban gidan waya, duk a banza. Ya ce ya shiga lissafa waɗanda zai sake ba ta a zuci, ɗaya bayan ɗaya, yana jan numfashi a hankali don kada wata kalma tata ta wuce shi.

Minti talatin, in ji agogon Sabzagul. Minti arba'in. Hannuwanmu sun mutu. Mun soke fiye da rabin wurin ba komai sai duwatsu. Muryar Gulnamo ta fara dushewa. Ta ba shi labarin akuyar da ta sayar ta ce masa kerkeci ne ya ci. Ta gaya masa ba ta son hular da yake sawa ran biki. Da abin faɗa ya ƙare mata, sai ta durƙusa a kan dusar ta dafa ta da hannu biyu, ta yi ƙasa da murya, amma wurin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Kada ka yi barci, ka ji? Ba na jin abin da kake cewa, amma ina jin rugugin muryarka a dakali, yana bi ta bayana. In ka tafi birni kwana biyu, gidan sai ya zama kamar kabari. Ban iya zama a cikinsa ba. Ka fito, Chorshanbe. Ka fito in ba ka kunnen daman."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, na kuma ji tsoro, don a raina na riga na fara tunanin wanda zai haƙa kabari a wannan daskararriyar ƙasa. Na ɗaga rodina da haushi na soka da duk ƙarfina.

Ƙwal!

Ko a cikin tukunya dubu zan gane wannan ƙara. Na ce, "Tukunyata! Ga ta nan! A hankali, kada ku fasa ta!" Wannan maganar ma har yau ana yi mini gori da ita.

Tsayin mutum guda muka haƙa, daga gefe kamar yadda yarinyar ta koya mana. Gindin tukunyar ya fara bayyana, da sabuwar lotsawar da na yi masa da hannuna. Aka yanke igiya aka ɗaga. Wani wari mai ɗumi ya bugo mu, kamar ɗakin da mutum goma suka kwana ba taga. Ga shi nan a durƙushe, leɓɓansa sun yi shuɗi, gemunsa duk ƙanƙara, ido a rufe. Sabzagul ta share masa hanci da baki, ta mare shi sau biyu. Ƙirjinsa ya ɗaga. Ya ja wata iska da ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya yi tari, ya buɗe ido ɗaya.

Muka yi cirko-cirko muna jiran abin da zai fara faɗa. Ya nemi matarsa da ido har ya same ta. Ya motsa baki. Babu abin da ya fito. Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna kunnensa na hagu, ya girgiza kai, sai ya suma.

Minti hamsin da biyu ya yi a ƙasa. Sabzagul ta ce iskar tukunyar ce ta riƙe shi, amma da ya ƙara minti goma yana ihun nan, da gawa muka ciro, da tukunyar da komai. Ta ce a horon da aka yi musu ba a koya musu irin maganin da Gulnamo ta yi amfani da shi ba.

An yi Nauruz, an dafa faten a tukunyata, don ba wata. Bayan kwana huɗu na tsallaka da sassafe, baki a rufe, na je karɓo kayana. Ina shiga na ji ɗakin ya yi mini wani iri, kamar an juya shi. Sai na gane: Chorshanbe ne a dama. An kwashe tulin barguna daga wannan gefen an yi masa wuri. Yana naɗe cikin bargo, haƙarƙari biyu a karye, muryarsa ta dawo amma a shaƙe. Gulnamo tana saƙarta, ba ta kallon kowa, don tun ran nan matan gari ke zuwa kallonta kamar sabuwar amarya.

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Na ce a raina, shi ke nan, an dawo. Na fara laluben takalmina.

Sai ya ce, "Gulnamo, ke fara."

Ta ɗago ta kalle shi. Ta ce ita duk nata ta zubar a kan dusa, ba saura. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ajiye saƙar gaba ɗaya a kan cinya, abin da ban taɓa ganin ta yi a gidan nan ba, ta karkato masa kai.

"Ba ni na kerkecin nan da mutane ke ta ƙorafi a kai," in ji ta. "Daga farko. Ban taɓa ji ba."

Na sungumi tukunyata na yi waje, don ni ba zan ji na ɗari huɗu da ɗaya ba. Ina tsakar gida ina ɗaure igiya, ya kai wurin da kerkecin ya zauna a kan gada ya yi hamma. Shekara talatin rabon da wani a kwarinmu ya yi dariya a wannan wuri. Sai na ji ta Gulnamo ta taso ta tagar rufi, tana yi tana tari tana cewa, "Tsaya, tsaya, sai kuma ya yi me?"